Kafin Ki Auna Ruwan Ninƙaya

Ikilima,

Na tafi asibiti. Ana yi wa ƙanwarki Zulai ƙarin ruwa, gudawar ba ta tsaya ba.

Matan unguwa sun dage zoɓon da Mabel take sayarwa ne ya kwantar da yaransu, wai ruwan wurin ninƙaya ba ya cutarwa tunda yana warin magani. Yaushe hanci ya zama ma'auni? Bayan asuba na ɗauki kayan gwajinki na makaranta na je wurin. Yi haƙuri, ban tashe ki ba.

Ajiye na'urar da babanki ya sayo a Jabi, tsamin ruwa kawai take aunawa. Yi aikinki da 'yan takardun nan masu canja launi in akwai kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ruwa. Na fara tsoma ɗaya a ruwan da na ɗiga wa bilic ɗin wanki mai kulorin, ta rine, ashe lafiyarsu ƙalau. Ki ɗebo ruwan ninƙayar a wankakkiyar kwalba, kar ya kusanci bakinki.

Sau uku na tsoma a ruwan ninƙayar, takardar ba ta canja ba. Babu kulorin a ciki. Zulai kuwa ko ɗanɗana zoɓon ba ta yi ba, ruwan kawai ta shiga.

Kakarki