Magincin Zauren Yargoje

Daren Laraba, Kankara

Yau na je Yargoje da tsohon hoton da muka samo a ma'ajiyar kayan tarihi, na wani zaure mai zane a goshinsa. A katin hoton an rubuta cewa ba a san maginin ba. Zauren kuwa damina ta rushe shi tuntuni.

Na nuna wa dattawa a ƙofar masallaci, babu wanda ya gane shi. Sai aka kai ni wurin Iya Hajara, tsohuwar da ganinta ya yi rauni. Ta kai hoton dab da fuskarta, ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Ɗan nan, wannan hannun babana ne, Malam Tanko magini. Ka ga ƙadangaren nan na gefe? Ba ya gama bango bai sa shi ba. Ni ke ɗebo mashi ruwan kwaɓi."

Na rubuta sunan da fensir, don sai na samu wani aikin nasa na kwatanta.

Ta tambaya ko zan bar mata hoton. Na ce na ofis ne. Ta shafa shi da yatsa, ta miƙo mini. Da na dawo gari, na biya wurin mai wankin hoto na sa a yi mata nata, babba.