Fadamarmu Ba Ta Mutu Ba

Zuwa ga ƙanwata Mal-suk,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina nan ƙalau, ke da maigidanki da yara, kuma sanyin Jamus bai tayar miki da ciwon bayan nan ba. Ubangiji ya ƙara miki lafiya, ya raya jikoki. Mu ma nan lafiya lau muke. Makon jiya muka gama haɗa kimchi, kabejin nan namu mai yaji, na hunturu. Goggo Pil-nyeo ta cika shekara tamanin da bakwai, ƙafa ta yi rauni, amma bakin nan nata yana nan yadda kika san shi.

Wasiƙarki ta iso, kuma na san ɗana Tae-bong ne ya kai ƙarata wurinki. Kin ce in daina shiga taɓo, in rufe gida in koma birnin Incheon wurinsa. Na san ƙauna ce ta sa, amma ba inda za ni. Bari ki ji abin da bai gaya miki ba.

Tun farkon shekara wani kamfani ya zo yana neman cike fadamar bayan shingen teku don ya gina manyan ɗakunan ajiya. A takardarsu sun rubuta wai wurin ya mutu, ya zama juji. Chun-bae ɗan Kawu, wanda yanzu shi ne shugaban ƙauye, shi ya fara sa hannu. A taron da aka yi ya miƙe ya ce ba abin da ya rage a can sai wari da sauro. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne akwai gaskiya a ciki, don shara ta yi wa wurin katutu. Duk da haka na ce masa in dai ƙazanta ke sa a binne wuri, ai da tuni an binne ɗakinsa da shi a ciki. Mata suka kwashe da dariya, shi kuwa ya daina gaishe ni.

Mu biyar muka fara kwashe sharar, duk tsofaffi, kowace Asabar da zarar ruwan teku ya janye. Daga baya mutanen coci suka shigo, sai ɗaliban jami'a, har muka haura arba'in, ba mai biyan kowa. Mun zaƙulo tsofaffin taruna, da tayoyi, da fararen robobin masunta, har da firiji guda. Goggo kan zauna a kan shinge tana rarraba shara, tana yi wa ɗalibai tsiya, wai hannunsu kamar dafaffiyar taliya. Gaskiya ne na faɗi sau ɗaya. Taɓo ya riƙe ni har cinya, ruwa kuma ya fara dawowa, sai da maƙwabciyata Sun-deok da mutum uku suka jawo ni da igiya. Na tsorata, ba zan ɓoye miki ba. Amma Asabar ta gaba ni na riga kowa isa.

Saura kwana uku jami'ar gunduma ta zo duba wurin, muka wayi gari an juye tifa biyu ta ɓaraguzai da shara a bakin rafin. Har yau ba mu san wa ya yi ba. Sun-deok ta zauna a ƙasa tana kuka, na ce mata ta yi kukanta, amma hannu na aiki. Sai dai hannu kaɗai ba zai kwashe wannan a kwana uku ba. Na haɗiye girman kaina na tafi gidan Chun-bae. Na ce masa ba zarginsa nake ba, amma ya tuna da naman ƙumbar ruwa da ake tonowa a wannan taɓon uwarsa ta ciyar da shi har ya yi tumbin da yake taƙama da shi. Ya ce bakina ne ya kashe mijina da wuri, ya rufe ƙofa. Kashegari da sassafe sai ga shi da taraktarsa, fuska a murtuke, wai ba don ni ya zo ba, sharar ce ta tare masa hanya. Sawu goma sha huɗu ya yi, bai ko tsaya cin abinci ba.

Jami'ar ta zo da farin takalmi, tana so ta leƙa daga kan shinge ta juya. Na ba ta takalman robana na ce ta sauko, ba a sanin mai rai da matacce daga nesa. Ta shiga tana tangaɗi. Na tona mata taɓo da hannuna, ga ƙumba, ga kaguwa suna ta gudu, can gaba kuma zalɓe sun yi layi a bakin ruwa. Nan take ta fara rubutu. An dakatar da aikin kamfanin na shekara guda, za a sake bincike.

Ban ce mun ci nasara ba. Wakilin kamfanin ya ce za su jira, wai tsofaffi ba sa daɗewa. A gaban Goggo ya faɗa. Ta kalle shi sama da ƙasa, ta ce ta binne miji biyu da likitan da ya ce ba za ta kai saba'in ba, don haka ya riƙa cin abinci sosai, jiran zai yi tsawo.

In kina son taimaka min, ki binciko hotunan da Baba ya ɗauka a fadamar, waɗanda kika tafi da su. Masu bincike suna so su ga yadda take a da, ni ma ina so waɗannan ɗaliban su gani.

Ki gaishe min da maigidanki, da 'yarki Hye-rin da mijinta, da ƙaramin jikanki Jun-seo. Goggo da Sun-deok suna gaishe ki. Chun-bae ma ya ce a gaishe ki, ko da yake ta bakin matarsa ya aiko, don har yanzu ba ma magana.

Taki har kullum,
Yayarki Gye-ok