Ni Ce Mai Zagin Littafin, Ni Ce Kuma Mai Yabonsa

Zuwa ga Goggo Ok-bun, mai shafin ba da shawara,

Don Allah ki cece ni kafin Lahadi uku su cika. In suka cika ban sami mafita ba, sai dai ki ji an ce wata dattijuwa a garin Mokpo ta hau jirgin ruwa zuwa tsibiri ba ta dawo ba. Sunayen da za ki gani duk na canza su, amma maganar ko gishiri ban ƙara mata ba.

Shekaruna sittin da shida. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina shugabantar ƙungiyar karatu ta zumuntar matan cocinmu. Mu goma sha huɗu ne, muna haɗuwa duk Laraba bayan sujadar safe, kowa da ɗan abin taɓawarta, mu yi ta musu a kan littafi har shayin sha'ir ya huce. Marubuciyar da muka fi so ita ce Tak Yeo-ul. Littafinta na tarihi, wanda ya ba da labarin matan da ke ɓoye Linjila a kwandon gishiri suna bin ƙauyuka a zamanin da ake sare kan mutum saboda haka, sau biyu muka karanta shi, sau biyun kuma sai da muka koma gida da jajayen idanu.

To, 'yan shekarun nan sai baiwar Allah ta sauya hanya, ta koma rubuta almara. Tsibirai masu yawo a kan teku, da wani dodo mai fukafukai da ya shekara dubu yana haɗiye matuƙan jirgi, daga baya ya tuba yana neman a yi masa baftisma, amma babu kogin da zai ɗauke shi. Wadda ta kawo mana littafin farko ita ce Pyo Mal-sun, aminiyata tun muna 'yan mata muna gyaran kifi a kasuwar bakin ruwa. Na girme ta da shekara biyu, Yaya take ce min. Ta ajiye shi a kan tebur fuskarta cike da fara'a, ta ce, "Yaya, wannan za mu karanta. Ɗana da ya shekara goma bai taka ƙofar coci ba, shi ya ba ni da hannunsa, ya ce in karanta mu yi hira."

Goggo, ko buɗe shi ban yi ba. Hoton bango kawai na gani. Na ce, "Dodo? A zumuntar mata? Haba Mal-sun! Ɗan ƙaramin maciji ya ja mana abin da ya ja mana a gonar Aidan, ke kuma kin ɗauko mana babban wansa har da fukafukai. In wannan ne zai dawo da ɗanki coci, a bar shi inda yake tukuna." Mata suka kwashe da dariya, ni ma na ji daɗin kaina. Mal-sun ta mayar da littafinta jaka, ta shanye shayinta, ta yi sallama. Tun daga wannan Laraba ba ta sake zuwa ba. Ranar Lahadi a bencin baya take zama. Muna gaisawa, amma irin gaisuwar da ake yi wa mai kawo wasiƙa.

Sai na ce bari in tara hujja. Na je wani kanti can nesa da unguwarmu na sayo littafin, na sayo jan biro don in ja layi a duk inda aka kauce wa koyarwa. Na zauna da hantsi, na ɗora miyar ganyen teku a wuta. Abin da ya dawo da ni duniya shi ne ƙauri. Miya ta ƙone, tukunya ta yi baƙi, murfin biro kuwa ko cire shi ban yi ba. A inda wata makauniyar tsohuwa mai sana'ar nutso ta ɗebo ruwa a ludayi ɗaya tal ta zuba wa dodon nan a goshi, ta ce masa ba yawan ruwan ake dubawa ba, na yi kukan da ban yi ba a jana'izar surukata. Mu da ma baftismar yayyafi muke yi a cocinmu, ban san me ya hana ni hango wannan ba.

Yanzu ina da duka littattafan almarar tata guda biyar. Suna cikin firjin da muke adana kimci, kabejin nan namu mai tsami da barkono, a wata roba da na rubuta wa "na bara, kada a taɓa". Maigidana tsohon matuƙin jirgin fito ne, magana ba ta dame shi ba. Rannan muna cin abinci ya ce, "Maman Dong-su, kimcin nan na bara abin mamaki ne da shi. Kowane kimci raguwa yake yi, shi kuwa ƙara nauyi yake." Ya ci gaba da tauna kifinsa.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma ni mutum ce da in na karanta abu sai na faɗi ra'ayina ko in yi ciwo, kuma ba ni da wanda zan gaya wa. Sai na shiga shafin kantin littattafai a waya, inda masu karatu ke rubuta ra'ayinsu, na raɗa wa kaina suna Farar Balbela, na zazzage duk abin da ke cikina. Na ce littafin na duk wanda yake ganin laifinsa ya yi girman da ba za a iya wanke shi ba ne. Mutum ɗari huɗu da wani abu suka danna alamar yabo.

Lokacin haɗa kimcin hunturu, matan coci duk mun hallara a tsakar gida muna cuɗa kabeji da barkono, sai ga Mal-sun ta zo ta tsuguna daura da ni. Ta cire safar hannu, ta zaro wata takarda daga cikin Littafi Mai Tsarki, ta karanta wa kowa. Rubutuna ne, ta sa an buga mata shi. Da ta gama ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Ban san wannan mata ba, amma ta fi wasu da na sani shekara arba'in fahimtar zuciyata." Na ce barkono ne ya shiga idona.

Nan fa matan ƙungiya suka taso. Uwargida Bong, ma'ajiyarmu, ta ce, "Shugaba, kina ji ana ci mana fuska ki yi shiru? Ki ba Balbelar nan amsa, ki fige ta!" Ya zan yi? Na rubuta raddi da sunana na gaskiya a takardar labaran coci, wani ya ɗauka ya saka a shafin. Na ce Balbela tana da zuciya mai kyau amma kanta babu nauyi. Da na karanta shi a waya sai na ji raina ya ɓaci. Wace ce wannan da za ta ce kaina babu nauyi? Balbela ta mayar da martani, ta ce akwai tsofaffin da ke karanta littafi da hanci, su sansana bango su yanke hukunci. Uwargida Bong ta kira ni tana huci, ta ce wannan rashin kunya ba za a bar ta ba. Zagaye uku muka yi, ni da ni. Kuma Goggo, in gaya miki gaskiya, ban taɓa jin daɗin musu kamar wannan ba, don karon farko ke nan na sami abokiyar gardama daidai da ni.

Ga inda ƙasa ta tsage. Ashe marubuciyar tana bibiyar mu. Makon jiya Fasto ya hau mumbari yana washe baki, ya ce Tak Yeo-ul za ta zo bikin cikar cocinmu shekara saba'in, kuma ta roƙi a zaunar da ita a tsakanin wadda ta fi kowa sukarta da wadda ta fi kowa yabonta. Coci ya ɗauki tafi, kowa ya juyo yana kallona. Ita kuma Balbela, an aiko mata da gayyata ta shafin, an ce za a ba ta littafi na shida kafin ya shiga kasuwa. Kafin in yi tunani yatsana ya riga ya amsa cewa tana nan tafe. An riga an rubuta sunaye an manna a kujeru biyu. Bikin kuwa saura Lahadi uku.

Na yi tunanin in kwanta ciwo, amma likitan unguwarmu dattijon coci ne. Na yi tunanin in ɗauko ƙanwar mijina daga Gwangju ta zama Balbela, amma rabonta da littafi tun makaranta, ga surutu. Na ma fara rubuta sanarwar cewa Balbela ta riga mu gidan gaskiya, sai na tuna Mal-sun za ta iya sa a yi mata addu'a a coci, kuma ni za a ce in jagoranta.

Ba kunyar jama'a ce kaɗai ke damuna ba. Jiya na hango ɗan Mal-sun ya sauke ta a ƙofar coci, ya ɗan tsaya yana kallon ginin, sannan ya ja motarsa. Ban sani ba ko maganata ta isa kunnensa. Goggo, wacce zan kashe a cikin mu biyun?

Taki,
Mai kujera biyu, Mokpo

*

'Yar'uwata Mai kujera biyu,

Kada ki kashe kowa. Ki bar ƙanwar mijinki a Gwangju, ki yaga sanarwar rasuwar nan tun wani bai tsince ta ba.

Na yi dariya har sai da na cire tabarau, amma bari in fara da ba ki haƙƙinki. Shugabar ƙungiyar karatu tana da damar ta tambayi abin da za a sa a gaban mata, kuma akwai masu ibada na gaske da almara ba ta kwanta musu ba, ba laifi suka yi ba. Uwargida Bong tana iya karanta biyar ɗin nan ta fito tana nan a kan bakanta. Laifinki ba ƙin littafi ba ne. Kin yanke hukunci a kan hoton bango, kin kuma saye dariyar mata goma sha biyu da ɗan aminiyarki. Mace ta zo miki da abin da ta shekara goma tana roƙon Allah a kansa, kika mayar da shi abin barkwanci. Wannan shi ne ciwon. Kujerun nan biyu ƙaramar magana ce.

Saboda haka kada ki jira ranar biki. In kika tashi a gaban coci kika ce ke ce Balbela, za a yi shewa, a tafa, a shekara ana ba da labari, ke ce za ki sake zama tauraruwa, Mal-sun kuma ta ji a bencin baya tare da kowa. Ba ta cancanci haka ba. Gobe da safe ki ɗauki robar nan yadda take, ki tafi gidanta, ki ajiye a gabanta ki buɗe. Ki fara da maganar ɗanta kafin ki zo kan Balbela. Ki ce abin da kika faɗa mugun abu ne, ba tare da "amma" ba. In ta yi faɗa ki saurara, in ta yi dariya ki bar ta ta yi mai isarta, in ta ce ki tafi ki tafi, ki dawo jibi. Ko za a gaya wa ɗan, da yadda za a gaya masa, nata ne ba naki ba.

Daga nan sai matan ƙungiya, ranar Laraba, da bakinki. Sun tsaya miki a faɗan da babu shi, za su ji kin yi wasa da hankalinsu, kuma kin yi. Wata za ta iya cewa ki sauka daga shugabanci. In haka ta faru ki sauka da mutuncinki, shekara goma sha ɗaya ba kaɗan ba ce. Sannan ki sami Fasto tun da wuri ya sanar da baƙuwarku, kada ta zo ta tarar da abin da ba ta shirya masa ba. Ina zaton ba za ta ji haushi ba. Marubuci bai cika samun mai karatun da ta ƙona tukunya saboda shi ba. Kujerar da za ta rage kuwa, ki ba da shawara a ba wadda ta fara kawo littafin, in ta yarda.

Mijinki ya daɗe da sani, ki daina wahalar da bawan Allah da zancen kimci. Abin da nake so ki yi tunani a kai shi ne Mal-sun. Matar da ta shekara arba'in tana jin yadda kike harhaɗa magana, ta tsallake mata cike da tsakar gida, ta zo ta tsuguna daura da ke, ta karanta rubutun ta dube ki ido cikin ido. Ban rantse ba, amma ina kyautata zaton tun ran nan take jiran ƙwanƙwasawarki, ta ga iya kwanakin da taurin kanki zai ɗauka. Kada ki ƙara mata ko ɗaya.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sanyaya zuciyarta, ya kuma sa wata Lahadi ɗan nan ya kashe motarsa ya shigo.

Taki,
Goggo Ok-bun