Jan Dutsen da Kinka Tsinta a Rima

Zuwa gare ki Safara'u, ruwan randa a tsakar bazara, ƙanshin ƙasa bayan ruwan fari, hasken hantsi bisa fadamar Goronyo! Sallama irin ta mai kewa.

Kin tuna ranar da gulbin Rima ya janye, munka bi yashi da ƙannenki ina neman duwatsun da nike gogewa ga maƙeran zobe na Wurno? Kinka duƙa kinka ɗauko wani mummuna mai laka, kina yi mani dariya, wai ko shi ma zai yi kyau a hannuna. Na tofa mashi yawu na murza, sai ga ja ya fito awa cikin kankana! Dariyar nan taki har yau tana cikin kunnena.

Shi nike gyara maki, ya haskena. Na daidaita gindinai, na fara zagaye bayanai ga injin wasa wuƙa ina ɗiga ruwa, sai ɓallin dutsen ya tashi ya shige mani idon dama. Wannan idon ya tafi. Yanzu likita a Sakkwato ya ce na hagun ma ya fara bin ɗan'uwanai, hazo na ƙaruwa. Wayyo Safara'u!

Inna ta ce tun da kinka ji labari kinka koma Rabah wurin gwaggonki, kina kuka, kina cewa ke kinka jawo mani. Ke kuwa mi kinka yi? Dutse kinka ba ni, ko wuƙa? Abin da Allah Ya rubuta ne, kuma rashinki ya fi mani ciwo bisa ga ɓallin.

Dutsen nan kuwa na ƙare shi da lalube. Samfefa mai kaushi, sannan mai laushi, sannan fata, har yatsana ya daina jin ko tabo. An ce ya yi sumul, yana walƙiya awa ɗigon zuma. Jan kawai nike gani.

Ki taho, don Allah, ki taho tun ina iya rarrabe fuskarki da ta sauran mutane. In kin makara ma ki taho, ki yi sallama da ƙarfi, zan gane ki.

Naki da ido, naki ba ido, har ranar da za a rufe ni,
Yusha'u.