Ɗigon Mai a Ƙarƙashin Motar Terrell

Goggo Talatu, don Allah ki agaza mini, tsokanata ta juyo kaina.

Ina aiki a wani gidan burodi a nan Columbus. Kullum da safe kafin motocin rabo su fita, maigidanmu Mista Ruiz yakan ce in yi musu "wans-oba", wato duban sama-sama: ka zagaya mota sau ɗaya, ka taɓa taya da ƙafa, ka kalli fitilu, ka buga mata baya ta wuce. Ba durƙuso, ba buɗe gaba. Ni allo kaɗai na yi, amma wannan ai ba ya son boko.

To Goggo, ni akwai neman magana. Na taɓa sa wa direbanmu Terrell macijin roba a kwanon abinci. Watan jiya kuma na tsiyaya kofi a ƙarƙashin motarsa, na kurma ihu wai mai na zuba, sai da ya kwanta cikin ƙanƙara yana leƙe.

Shekaranjiya ina zagayena sai na ga ɗigo na gaske a gindin tayar baya, mai santsi. Na gaya wa Terrell, ya ce wai, ɗan iska, in kawo madara da sukari mu karya. Na je wa Mista Ruiz, ya ce zagaye ya sa ni, ba bakanike ya ɗauka ba, in na ƙara tsayar masa da mota a kan shirme in ajiye rigar aiki. Abin haushin, ko rantsuwa nake yi bakina murmushi yake, haka Allah ya yi fuskata. Ran Juma'a Terrell zai kai kaya garuruwan kan tudu, ga santsin hanya, ga 'yarsa da ya ishe mu da hotonta. In man birki ne fa? In matsa, aiki ya tafi. In yi shiru, abinci ma ba ya wuce mini.

Mai Tsokana, Columbus

Ɗana,

Maigidanka bai yi ƙarya ba. Duban sama-sama ba ya yanke hukunci, kuma kai ma ba ka tabbatar mene ne ya ɗiga ba. Amma me ya sa ake zagayen, in ba don wanda ya ga abu ya ce a kira mai gyara ba? Ka gani, ka faɗa, ba ka wuce gona da iri ba.

Bakinka ne ba a yarda da shi, to ka hutar da shi. Gobe ka miƙa wa Terrell farin kwali, ya shimfiɗa da hannunsa a gindin tayar, ya taka birki, ya ɗauko ya duba. Kai ka tsaya nesa, hannu a aljihu, kada a ce ka zuba wani abu. In kwalin ya jiƙe, shi zai kai wa Mista Ruiz, ba kai ba. In ya fito a bushe, su yi maka dariya har bazara, ka shanye, ai ka daɗe kana yi wa mutane.

In Terrell ya ƙi, ka koma wa maigidan ko da za ta kai ga rigar. Ana samun wani aikin, yarinyar nan kuwa ubanta ɗaya ne.

Allah ya tsare hanya, ya kuma ba ka ikon ɗaure fuska gobe.

Goggo Talatu