Ɗigon Abdulfattah

Haɗeja, farkon Agusta

Ƙanwata Zulfa,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Kano, ya jikin Inna? Tunda kin mai da wayarki ta ado, ba a samunki, na ce bari in rubuto.

Maganar manhajar gargaɗin ambaliya ce, wadda muka gina da yayanki marigayi Abdulfattah. Kin san da ɗigo ya raba sunayen ɓangarorinta, kamar auyo.ruwa.gargaɗi. Da yana cewa ɗigo ya fi kyan gani. Ƙarya yake, Allah ya jiƙansa, maɓallin silash, wato alamar /, na tsohuwar kwamfutarsa ne ya mutu, ya ƙi kaiwa gyara.

Bara ba mu ga matsala ba, don da sanda ake auna ruwa, a turo mana mita biyu ko uku. Bana an kafa sabon ma'auni, yana turo biyu da ɗigo biyar. Manhajar da ta ga ɗigon sai ta ɗauka wani ɓangare ne, ta tafi nemansa, ta rasa, shafin Auyo ya fito fari fat. Na yi faci har na gaji, in na toshe nan ya ɓalle can. Mafita ɗaya ce, a mayar da kowane ɗigo silash a duk fayilolin. Makullin babban reshe, inda asalin fayilolin manhajar suke, yana hannunki tun rasuwarsa, ba zan iya ba sai da yardarki.

Ruwa ya fara lasar gadar Auyo. Ki gaida Inna.

Yayanki,
Zarami

*

Kano

Yaya Zarami,

Wa alaikumus salam. Inna da sauƙi, tana gaishe ka.

Na ga saƙonka tun ranar da ka turo. Na san gaskiyarka ce, ni ma aikina ke nan. Amma ka san abin da zai faru. Duk layin da aka taɓa, sunan wanda ya taɓa shi ne zai hau gefensa. Yanzu in na buɗe kowane fayil, Abdulfattah nake gani daga sama har ƙasa, da ranar da ya rubuta, da 'yan maganganun da yake bari. Akwai inda ya sa "gyaran Auyo, yunwa nake ji". Kayansa an raba, ɗakinsa an zuba buhunan shinkafa, layin wayarsa ma an ba wani. Nan kaɗai ya rage yana magana.

Ka ƙara faci, don Allah. Ka bar ni zuwa bayan damina.

Ƙanwarka,
Zulfa

*

Haɗeja, ƙarshen Agusta

Ƙanwata Zulfa,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Na karanta wasiƙarki a bakin shago, sai da na shiga ciki na rufe ƙofa. Ni ma ina ganin sunan nan kullum, kuma har yau in na ci karo da shirmensa sai in ɗaga kai zan zage shi, sannan in tuna.

Na yi yadda kika ce. Facin ya riƙe har ranar Laraba, sannan ya saki. Ruwa ya tashi, saƙo bai fita ba. Kin tuna Baba Umara, wanda Abdulfattah ya fara sa wa manhajar a waya, yana koya masa yana tsokanarsa? Injin ban-ruwansa da takinsa suna bakin fadama, da ya sami gargaɗi da ya kwashe. Jiya da kwalekwale muka bi ta kan gonarsa, ko kan shinkafar ba a gani. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Wayar kawai ya miƙo mini, ya ce, "Ɗan nan, abin Audu ya daina magana ne?"

Ban faɗa miki don ki ɗora wa kanki laifi ba, ni na amince da facin. Amma ruwan bai gama zuwa ba, mutanen wajen Baturiya na gaba. Kuma sunansa ba zai ɓata ba, yana nan cikin tarihin aikin, duk ranar da kika so sai ki koma baya ki gani.

Zuciyata ba daɗi, Zulfa. Ina jiran amsarki.

Yayanki,
Zarami

*

Kano

Yaya Zarami,

Salamu alaikum. Ka janyo babban reshe zuwa kwamfutarka, an gama gyaran. Ni na yi da hannuna, ban so ya zama kai ba. Na gwada da biyu da ɗigo biyar, shafin Auyo ya buɗe, na Baturiya ma haka, saƙo yana fita.

Ka ce yana nan cikin tarihi. Haka ne, yana nan a maƙabarta ma, ana zuwa ziyara. Da a gida yake.

Da safen nan na buɗe fayil na farko. Zulfa, Zulfa, Zulfa, har ƙasa. Ban taɓa ƙin sunana ba sai yau.

Ka ba Baba Umara haƙuri, ka ce masa abin Audu ya ci gaba da magana. Kada ka kira ni kwana biyu.

Ƙanwarka,
Zulfa