Suna Bakwai, Babu Nafi'u

Litinin, 6 ga Oktoba 2025
Ya kai kundi mai daraja, ma'ajin sirrin fasihai, ka miƙe tsaye! Yau ni, Nafi'u ɗan Tamu na Dungas, na shiga tarihi. An buga binciken da muka yi da Dokta Kyari kan tamowar yara, har ya hau babban rumbun maƙalolin likitanci na intanet. Ni na auna damtsen yaro ɗari huɗu da goma sha biyu a ƙauyukan Mallawa, cikin damina, bisa kabu-kabu. Ran ƙaramar Salla, Dokta ya dafa kafaɗata a gaban Inna ya ce, "Ƙanena, sunanka na biyu, bayan nawa." Na sanar da majalisar masu shayi. Za su sanar da duniya.

Laraba, 8 ga Oktoba
Na je Magariya wurin Salima, taubashiyata, mai aiki a ɗakin gwajin jini. Ita ce ke jin Ingilishi. Ta buɗe shafin a waya tana nuna mini da farce: nan sunan mujalla, nan take, nan marubuta, ƙarƙashinsu inda kowa ke aiki, sannan taƙaitaccen bayani.
Marubuta bakwai. Na ƙirga daga dama, na ƙirga daga hagu.
"Wataƙila rezon waya ne bai kawo sauran ba," in ji ni.
"Bawana," ta ce, "rezo ba ya cin suna."
Na biyun wani ne daga Yamai wanda ƙafarsa ba ta taɓa taka taɓon Mallawa ba. Amma 412 tana nan cikin bayanin, a zaune daram.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Mai yiwuwa kuskuren masu bugawa ne. Manya ma suna tuntuɓe.

Asabar, 11 ga Oktoba
Salima ta kira. Ashe akwai cikakken shafi mai nuna ranar da mujalla ta karɓi aikin. 12 ga Fabrairu. Salla kuwa ƙarshen Maris aka yi ta.
Wato lokacin da hannun nan mai albarka ya sauka a kafaɗata, sunayen sun yi wata ɗaya da rabi da tafiya. Ya sani. Ya ci tuwon Inna, ya yi ƙari.
Yau Salima ba ta tsokane ni ba. Wannan ya fi ciwo.

Lahadi, 12 ga Oktoba
Hamissou mai shayi ya tarbe ni da "Farfesa, a zuba na farko?" Na ce ina azumi. Inna ta tambaya ko Turawa sun iya faɗin sunana daidai. Na ce suna ƙoƙari.

Talata, 14 ga Oktoba
Na tsara wa Dokta wasiƙa shafi huɗu. Na kira shi maci amanar zamani, na kafa hujja da kwanan wata, na gayyato ranar hisabi. Ko alƙali ya karanta sai ya yi hawaye.
Sai na tuna wata ƙungiya na ɗaukar masu anket, masu bi gida-gida da tambayoyi, a Waca, Juma'a za a rufe karɓar takardu, kuma sai da atestasiyon, wato shaidar aikin baya, mai ɗauke da kashe, hatimin shugaban aiki. Wa zai sa mini hannu in ba shi ba?
Wasiƙar tana ƙarƙashin katifa. Abin da na tura masa:
"Barka da aiki, Dokta. Don Allah a taimake ni da atestasiyon kafin Juma'a. A buga kashe. A rubuta sunana cikakke."